Dusar Ƙanƙarar da Na Dafa Maka

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga sanyin idona, inuwata a tsakar ranar Makka, ruwan randata, abokin hirata da dariyata, mijina da ya riga ni tafiya.

Assalamu alaika, ya habibi. Allah Ya haskaka makwancinka, Ya yalwata maka shi, Ya sa iskar Aljanna ta riƙa shigo maka safe da yamma.

Ka san daga ina nake rubuto maka? Daga Tabuka. Ni ɗin nan, Sa'adatunka, wadda ko titin Rusaifa ba ta tsallakawa sai ka riƙe mata hannu, ni na tuƙo motarka tun daga ƙofar gidanmu a unguwar Ka'akiyya ta Makka har nan. Yanzu muka idar da la'asar a ɗakin da muka kama. Mahaifiyarka, Inna Hure, tana kwance cikin bargo biyu tana yi wa sanyi faɗa kamar yaron maƙwabta. Gobe da safe, in Allah Ya kai mu, zan hau da ita dutsen Lauz. An ce dusar ƙanƙarar da ta zuba a makon nan ta fara narkewa, wai wataƙila mu tarar da laka kawai. Sun daɗe ba su faɗa ba. Zan hau.

Na san addu'a ce ke isa gare ka, takarda ba ta isa. Ina yin addu'ar, ban taɓa fashi ba. Amma bakina ya saba da ba ka labari in ka dawo daga hanya, yau kuma ni ce a hanya, wa zan ba wa?

Kana tune da filas ɗin nan mai ruwan toka? Yana nan a jakata. Shekarar da ka kai kaya arewa da tirela cikin hunturu, ka dawo bayan asuba idonka ja wur, ka ajiye shi a kicin, ka ce kada in taɓa, ka faɗi kan katifa. Ni kuwa ban ji "kada" ɗin ba, famfo na zuba. Na buɗe na ga wata ƙanƙara ta jiƙe ta yi laushi, har da ɗan tsakuwa a ciki. Na ce a raina, dubi irin ƙanƙarar da masu gidan mai ke sayar wa bayin Allah. Na tace ta da rariya, na juye a buta, na dafa maka shayi da na'ana'a. Ka tashi ka sha kofi biyu, ka yaba. Sannan ka ce in rufe idona, ka kawo mini abin da ban taɓa gani ba tun da aka haife ni. Ka shiga kicin, na ji shiru. Ka fito da filas a wanke, a kife.

Wayyo, dariyar da ka yi ran nan. Ka zauna daɓas a ƙasa kana riƙe ciki kana cewa, "Sa'a, tun daga kan dutse na ɗauko miki ita, ko fitsari ban tsaya ba don kada ta narke, ke kuma kika dafa ta." Ni na fashe da kuka don haushi, kai ka share mini hawaye da gefen shimaginka, rawanin nan naka. Ka ce ba komai, tunda dusar ba ta iya zuwa wurina da ranta, ni za ka kai wurinta. Ka ɗora hannunka a kaina ka ce alkawari ne.

Daga nan ciwon dusar ƙanƙara ya kama ka. Kullum kana cikin waya kana kallon mutanen wasu ƙasashe suna sulalowa daga kan dutse a kan katako biyu, da sanduna a hannu. Da ka ji ana cewa za a gina wurin irin wannan wasa a duwatsun arewa, ka ce wannan na manya ne, mu ba za mu jira a buɗe mana ƙofa ba. Ka ɗauko tsohon ƙyauren gidan mahaifinka na unguwar Tandabawi, wanda ka ƙi yarwa da muka tashi, ka tsaga shi, ka jiƙa bakin katakon a ruwan zafi, ka danne da tukunyar gas har ya lanƙwashe. Ka kafe tsofaffin takalmanka a kai da ƙusa. Ina ganinka har yanzu a saman soro, cikin zafin da ko tsuntsu ba ya fitowa, kana tsaye kan katako da sandunan tsintsiya biyu, gumi na zuba, kana karkata hagu da dama, matan maƙwabta na leƙe ta taga suna cewa mijin Sa'adatu ya samu taɓi. Ina ruwanka? Ka ɗaga musu sanda ka gaishe su.

Kai ne ruwan sama a garin da ba a saba da shi ba. Ka zo, kowa ya fito yana kallo, ƙasa ta yi ƙamshi, kafin in gama tara kwanukana ka ɗauke.

Zuciyarka ta tsaya ba sallama, aka yi maka salla a Harami, maza suka ɗauke ka suka tafi. Ka san yadda garinmu yake: mu mata ba ma shiga maƙabarta, kuma ko an bar ni na shiga, ba suna a kan kowane kabari. Ƙaninka Sabi'u ya ce kana wajen bango ta gabas. Wane bango? Wace gabas? Na zauna takaba ina juya wannan a raina. Ba ni da wurin da zan je in tsaya in ce nan ne. Ɗakinmu ya yi mini faɗi, garin ya yi mini ƙunci.

Bayan na fita takaba na hau soro shanya, iska ta ɗauke mini ɗankwali ta jefa bayan tankin ruwa. Na zagaya ɗaukowa, sai ga katakonka a jingine. Na san da su. Abin da ban sani ba, akwai wasu biyu a bayansu, gajeru, an goge su sumul, an naɗe da buhu. A kansu kuma an kafe takalmana masu igiya, baƙaƙen nan da na yi wata da watanni ina nema, na zargi 'yarmu Raihana da kwashe su zuwa gidan mijinta a Jidda, na zargi almajiran unguwa, na zargi har kyanwa. Kana zaune kana jina ina faɗa, kana shan shayinka, kana cewa Allah Ya bayyana. Ɓarawon takalmi! Ashe ƙafata ka auna.

A nan bayan tanki na zauna har rana ta juya. Da na tashi, na riga na san abin da zan yi.

Manal ta ƙasan benenmu ita ta fara koya mini a filin bayan masallaci, kafin in shiga makarantar tuƙi. Kada ka tambaye ni sau nawa na hau dakalin mutane. Abin da ya fi ba ni wuya kujerarka ce. Ƙafata ba ta kai wa birki, amma na ƙi matso da ita, sai in cusa matashi a bayana, don yadda ka bar ta haka nake so ta zauna. Manal ta yi haƙuri har ta gaji, ran nan ta ce, "Ya ukhti, ko dai ki ja kujerar nan ko ki kashe mu." Na sa hannu ƙasa na ja. Ƙarar da ta yi, kamar a ƙirjina aka ja ta. Na kifa kai a sitiyari na yi kukan da ban yi ba ranar da aka fita da kai. Gwajin farko na faɗi, na biyu na faɗi, na uku aka ba ni ruksa, lasisin tuƙi, na kawo ta gida na ajiye kusa da taka.

Sabi'u bai so ba. Ya ce hanya ce ta maza, ya ce in bari baɗi shi zai kai ni, ya ce me mutane za su ce. Na ce masa baɗi ce ta cinye mini yayansa. Da ya ga ba zan tanƙwaru ba sai ya kai ƙarata wurin Inna, yana ganin ita za ta taka mini birki.

Ka san Inna da kai. Kai ne ɗanta na fari, tun da ta haife ka sunanka bai taɓa fita daga bakinta ba. "Wancan" take ce maka, in ta ji daɗi ta ce "mai tirela". Ko ranar rasuwarka tana zaune ƙyam da carbinta, mata na kuka tana ba su haƙuri, kamar ɗan wani ne ya mutu. Ni ma ban taɓa kiran sunanka ba, wace mace ce za ta yi? Ka rayu tsakanin mata biyu da suka fi kowa sonka, ba wadda ta taɓa kiranka da sunan da aka raɗa maka.

Ta saurari Sabi'u har ya gama. Sannan ta juyo ta dube ni ta ce, "Wurin da wancan ya ɗebo ƙanƙarar da kika dafa?" Na ce nan ne, Inna. Ta ce, "To sa mini jakata a baya. In za ki kashe kanki a motarsa, ina ciki." Sabi'u ya buɗe baki, ta ce ya rufe kada ƙuda ya shiga. Washegari shi da kansa ya kai motar aka duba taya da mai, ya ɗaure katakon huɗu a kan rufi, yana ɗaurewa yana share ido yana cewa ƙura ce.

Habibi, hanyarka kyakkyawa ce. Me ya sa ba ka taɓa gaya mini teku na bin mutum haka ba? Tun daga Rabig take hannuna na hagu, ta ɓuya ta fito, shuɗiya kamar rigarka ta Juma'a. Muka kwana a Yanbu, muka wuce Umluj da Wajh, muna haɗa salla muna kasaru. Ashe duk hirar hanya da kake yi mini ina gyangyaɗi, karatu kake ba ni ban sani ba. Na tuna ka ce kada in bar tanki ya sauka ƙasa da rabi. Na tuna ka ce in raƙumi ɗaya ya tsallaka, a jira 'yan'uwansa. Da na samu kaina bayan wata tirela a hawan da ke tsakanin Duba da Tabuka, sai na ga direban ya kunna sigina ta hagu. Muryarka ta faɗo mini: in ya kunna hagu kada ki fito, akwai mota, in ya kunna dama, hanya taki ce. Na jira. Ya kunna dama. Na taka mai na wuce shi, na ɗan danna masa hon yadda kake yi, ya amsa mini da nasa mai kauri. Inna ta ce, "Ke har gaisawa kuke yi?" Na ce abokan aikin ɗanki ne.

Ita kuwa tun daga Jidda take tuƙi da baki. In na yi sauri ta ce ina za ni, in na rage ta ce jaki ma ya fi mu. Da sanyi ya fara shigowa ta ciro kaskon turarenta da gawayi wai za ta hura mana wuta a cikin mota. Da ƙyar na hana ta. Muka tsaya a gidan mai ina ta lalube, don motar nan tun da ka saye ta sanyi kawai muka taɓa nema a wurinta, ban ma san tana da zafi ba. Wani mai sayar da shayi ya nuna mini inda ake murɗawa zuwa ja. Iskar ta fito da warin ƙura, daga baya sai ga ƙamshin turarenka, wanda kake ɗigawa a ramukan iska, ya taso ya cika motar kamar yanzu ka fita sayo burodi. Inna ta juya fuska wajen taga, ta daɗe tana kallon duwatsu.

Ina sanye da farwarka, doguwar rigar sanyin nan mai gashin tunkiya a ciki, hannun ya wuce yatsuna, na naɗe. Ƙafafuna sun kumbura, bayana kamar an daka. Mai ɗakin nan ya ce mata biyu su kaɗai, ɗaya tsohuwa, gara mu tsaya a gari mu kalla a waya. A waya? Na gama kallon abubuwa a waya. Ka yi mini alkawari, mutuwa ta karɓe bakinka, ba ta karɓe alkawarin ba. Ya dawo hannuna, ni zan cika maka. Ko tafin hannu ɗaya ya rage a kan dutsen nan, sai na same shi, sai na taka shi da takalman da ka sace mini.

Zan ajiye alƙalami, Inna na neman shayi.

Na dawo, ya nurul aini. Ina cikin mota a kan dutse, rana ta ɗaga, yatsuna sun ƙage, ka yi haƙuri da rubutun.

Mun fito bayan asuba. Hanyar ta yi ta nadewa tana hawa, kunnena ya toshe, motoci na saukowa mu muna hawa. Wani ya sauke gilashi ya ce, "Khalas ya khala, ta narke, ku juya." Na gode masa na ci gaba. Da muka kai inda mutane ke tsayawa, gaskiyarsa ce: jan dutse, laka, ruwa na bin gefen hanya, yara na tattara ledojin da suka yi sulu da su jiya. Inna ta leƙa ta ce, "Wannan ce? Ai ko a Ka'akiyya muna da taɓo." Na riƙe sitiyari ina cewa ya Rabbi, duk wannan tafiya.

Sai na tuna yadda ka ce ka samo ta filas. Ka ce kai ma a makare ka zo, ka zagaya bayan dutse, ɓangaren da rana ba ta leƙawa, can take ɓuya. Na tada mota na bi wata 'yar hanya a hankali har ta ƙare. Na kwance katakon, na saɓa a kafaɗa, na riƙe Inna da ɗaya hannun, muka zagaya wani ƙaton dutse muna haki.

Tana nan, habibi. Tana nan tana jirana.

Ba ta da yawa. Wani ɗan gangare ne, tsawonsa bai fi layin gidanmu ba, fari fat kamar haramin alhazai an shimfiɗa. Na durƙusa na sa hannu. Laushi kamar garin shinkafa, sanyi kamar cizo. Na sa a baki. Ɗanɗanon shayin nan ne, wallahi, na'ana'a ce kawai babu.

Na zaunar da Inna a kan dutse, na cire takalmina na zura ƙafa cikin waɗanda ka kafe. Cif suka yi mini. Na ɗaure igiya, na kama sandunan tsintsiyarka, na karkata yadda na ga kana yi a soro, na ce bismillahi. Na tafi! Iska ta cika farwar, dutse ya gudu ta gefena, na ji kamar an ɗauke mini nauyin shekara guda daga kafaɗa. Ban fi tsawon tabarma uku ba ƙafar hagu ta yi gabas, ta dama ta yi yamma, na kife, fuska cikin dusa, katako a sama.

Inna ta tuntsire da dariya. Tun da ka tafi ban ji ta ba. Tana dariya tana buga cinya tana tari, sai na ji ta ɗaga murya ta ce, "Awwalu, zo ka ga matarka."

Dutsen ya maido mata da sunan. Ta sa hannu ta rufe baki kamar yarinyar da ta fasa kwano. Ni ina kwance ban motsa ba. Muka dubi juna. Sai ta sauke hannun a hankali, ta dubi farin gangaren nan, ta sake faɗa, wannan karon da saninta, ƙasa-ƙasa, yadda ake kiran jariri: "Awwalu. Awwalu na." Hawayen da ta riƙe tun ranar da aka fita da kai suka zubo. Na rarrafo da katako a ƙafa na rungume ta, muka yi kukanmu a wurin, muka yi maka addu'a har hannuwanmu suka daina ji. Yanzu muna da wurin da za mu ce nan ne.

Kafin mu taso na ɗauko naka dogayen, na jera su a saman gangaren, na sake su ba kowa a kai. Suka sulala tiryan-tiryan, suka wuce inda na faɗi, suka kai har ƙasa, suka tsaya kafaɗa da kafaɗa. Ko a nan ma sai da ka riga ni. Na sauka a hankali, ina zamewa ina tashi, na same su suna jirana.

Na cika filas har baki, na danna da yatsa na ƙara. In mun isa Makka zan tace ta da rariya in dafa, da sanina wannan karon, in kai wa direbobin garejinku su sha sadaka, ladan ya same ka. Inna ta ce a rage mata kofi ɗaya, kuma kada in cika sukari yadda na saba.

Za mu sauka yanzu tun rana na sama. Kada ka damu, zan bi a hankali, ba zan fito ba sai an kunna mini dama.

Ka jira ni yadda katakonka suka jira ni a ƙasan gangare. Zan iso a lokacin da Allah Ya rubuta, ina zamewa ina tashi, ba kuma zan saki hannunka in kama na wani ba a hanya. Kai ne na farko, kamar sunanka, ba na biyu a bayanka. Tunda Inna ta buɗe ƙofa, bari ni ma in rubuta shi sau ɗaya da hannuna, in ya so ka yi mini dariya.

Awwalu.

Taka a duniya, taka in Allah Ya yarda a Aljanna,
Sa'adatu